Wa'azin Caca a Kudancin Jigawa: Jigonsa da Tasirinsa Kan Hukuma

A wannan 'yar takarda mun ɗauki wa'azi a matsayin wani reshe na adabin baka, mai jigo da salo, kuma mai manufar da za a iya auna ta. Wa'azin da muka duba shi ne wanda muka saurara game da caca a ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, a masallatan Juma'a da bakin kasuwa, daga malaman ɗariƙu da na Izala, waɗanda a kan wannan batu dai bakinsu ɗaya.

Hujjar malaman ba ta da tangarɗa. Sukan kafa ta da aya ta 219 ta Suratul Baƙara da ayoyi na 90 da 91 na Ma'ida. Tasirinsu kan hukuma ma ba a ɓoye yake ba, domin kiraye-kirayensu na daga cikin abin da ya sa Jigawa ta bi sahun Zamfara wajen ƙaddamar da Shari'a a 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki.

Inda muke da ja shi ne surar ɗan caca da wa'azin ke zanawa. Har yau shi ne mai karta a bayan tasha, wanda aka cinye har ya jinginar da riga, ya sayar da gonar gado, ya yi abota da mashaya. Sura ce mai ratsa zuciya, ba mu musa ba, amma ta tsufa. Ɗan cacar yau ba ya zuwa bayan tasha. Wayarsa na aljihu, yana zuba kuɗi a kan ƙwallon Ingila ko na Sifen, kuma mai yiwuwa yana cikin sahu sa'ad da ake huɗubar, bai ji an taɓa shi ba. Shi a wurinsa lissafi yake yi da sanin 'yan wasa, ba caca ba. Wa'azin da bai rushe wannan tawili ba, ya harbi iska.

Wannan tsohuwar sura ita ce ta taƙaita abin da malamai ke nema daga hukuma, watau a kai samame, a rufe shago. Haka Hisbar Kano ta yi a watan Oktoba na 2024. To, shago yana da ƙofa, waya fa?

Daɗin daɗawa, a da akwai uzuri. Dokar tarayya ta 2005 ta ba Abuja ikon bayar da lasisi, sai mai wa'azi ya ɗora laifi can nesa, kowa ya huta. A ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta soke wannan doka, ta ce al'amarin na jihohi ne. Ke nan magana ta dawo Dutse, gaban majalisar da mutanen Gwaram da Birnin Kudu ke da wakilai a ciki.

Sai dai hukuncin kaifi biyu gare shi. Yadda ya ba Jigawa ikon hanawa, haka ya ba Legas ikon halattawa, kuma kamfanin da ya yi rajista a can yana isa wayar yaron da ke dako a kasuwar Sara ba tare da ya kafa ko rumfa ba. Kuɗin kuwa ta banki suke bi, ko ta hannun mai POS na bakin hanya. A wa'azozin da muka saurara ba mu ji wanda ya tambayi hukuma yadda za ta yi da wannan hanya ba.