Takardun Shugaba Tanja da harin Tanut

Wanda ya so sanin matsayin Jori Hamani a yaƙin Biyafara, littafin wani zai buɗa. Akwai *Conseiller du président Diori* na Jak Bolan, mashawarcinsa, wanda ya fito a 1986. Akwai kuma *Journal de l'Élysée* na Jak Fokar, mai kula da harkokin Afirka a fadar shugaban Faransa, kundi 5 da aka wallafa tsakanin 1997 da 2001. Daga nan muke ganin yadda Jori ya tsaya bayan gwamnatin Legas alhali Faransa da Ufuwe Bwanyi na Kodibuwar sun karkata ga Ojukwu, da yadda Yamai ta karɓi zaman sulhu a watan Yulin 1968.

Littattafan suna da amfani, ba musu. Amma kowannensu da lauje cikin naɗi. Bolan lauya ne mai kare ubangidansa, kuma duk shawarar kirki sai ka ji ƙamshin hannunsa a ciki. Fokar kuwa yana duban Nijar ta tagar Faris, da ma'aunin yuraniyom da biyayya. Muryar Jori da kansa, abin da ya rubuta a gefen wasiƙa, ko umarnin da ya bayar ya kuma janye, ita ce mai karatu yake nema, sai a ba shi ta bakin baƙo.

Abin da ya sa na tayar da wannan tsohon zance shi ne Damargu. Ranar 21 ga Janairun 2008 mayaƙan MNJ suka faɗa wa garin Tanut, aka rasa rayuka, suka tafi da perefe da wasu mutane. (A lokacin Belbeji tana ƙarƙashin Tanut, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, don haka fargabar gida ɗaya ce.) Me fadar shugaban ƙasa ta sani kafin ranar? Wane rahoto ya fito daga Damagaram, wa ya karanta shi? Abin da ke hannunmu sanarwar gwamnati ce da sanarwar ƴan tawaye, kowa na wasa wuƙarsa. Ƴan jaridar da za su iya shiga tsakani kuwa, Musa Kaka da Ibrahim Manzo Jallo, a lokacin suna tsare tun 2007.

Akwai tambayar da ta fi wannan nauyi. Tanja Mamadu ya shafe kusan shekara 2 yana kiran mutanen Agali Alambo ƴan fashi, ba ya zama da su. A watan Mayun 2009 sai ga shi a Agadas yana ganawa da wakilansu, Libiya na shiga tsakani. Abin da ya juya ra'ayin tsohon soja mai taurin kai irinsa ba ya cikin jawabin rediyo. An hamɓarar da shi ranar 18 ga Fabrairun 2010, ya rasu ranar 24 ga Nuwamban 2020, bai wallafa tarihin rayuwarsa ba. Saura takarda, ita kuwa gara da ruwan damina ba su san darajar shugaba ba.

Masu cewa tonon silili zai fama tsohon miki suna da hujja, kuma akwai maganinta. Ɗan Abraham Linkon ya miƙa takardun mahaifinsa ga ɗakin karatun majalisar Amurka bisa sharaɗin a rufe su har shekara 21 bayan rasuwarsa shi ɗan. A 1947 aka buɗe. A sa wa'adi irin wannan. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a bar wa iyali ko ƴan tsohuwar jam'iyyar MNSD su tsince mai daɗi su buga littafin yabo. Mun riga mun ga iyakar irinsa a wajen Bolan. A lissafta takardun ɗaya bayan ɗaya, a ajiye na asali a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai, kwafi kuma a Jami'ar André Salifu ta Damagaram. Waɗanda suka shafi Janairun 2008, in wa'adi ya cika, a juya su da Hausa da Tamajak, a karanta su a gidan rediyo, domin yawancin waɗanda suka kwana cikin ƙarar bindiga a Tanut ba da Faransanci suke karatu ba.