Malamin da aka raba da ɗalibansa

A watan Oktoba na 2014 tashar Nippon TV ta fara nuna wasan kwaikwayon Jigoku Sensei Nube a daren Asabar, kuma tun daga kashi na farko masu kallo suka shiga guna-guni. Labarin ba baƙo ba ne a Japan. Makura Sho ya rubuta shi, Okano Takeshi ya zana, ya riƙa fitowa a mujallar Weekly Shonen Jump daga 1993 zuwa 1999. Tauraronsa wani malamin makaranta ne, Nueno Meisuke, wanda ake kira Nube, mai dodo ɗaure a hannunsa na hagu, wanda yake rufewa da baƙar safa sai ranar da aljani ya taɓa ɗalibinsa. Abin da aka fi kuka da shi shi ne hannun nan ya fito kamar na roba, aljanun kuma kamar 'yan tashe. Kukan yana kan hanya, amma a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Ɓarnar ta auku tun kafin a kunna kyamara, ranar da aka ɗauke malamin daga firamare aka kai shi sakandare.

Labarin ya tsiro ne daga abin da Japanawa ke kira gakko no kaidan, wato labaran fatalwa da yara ke ba juna a makaranta. Mafi shahara shi ne na Hanako: yaro ya hau bene na uku, ya shiga banɗakin 'yan mata, ya ƙwanƙwasa ƙofa ta uku sau uku, ya tambaya ko Hanako na ciki, sai wata siririyar murya ta amsa. Akwai gunkin ɗakin kimiyya mai hanji a waje da ke yawo da dare, da mutum-mutumin Ninomiya Kinjiro, yaron nan mai itace a baya da littafi a hannu, da ake cewa yana sauka daga dakalinsa ya zaga fili. Ƙarfin waɗannan labarai yana ga mai ba da su. Ɗan shekara goma ya yarda da su har cikin ƙashinsa, kuma ba ya iya kare kansa, shi ya sa malamin da ya tsaya tsakaninsa da dodo yake da girma. Ɗan shekara sha bakwai da ya kusa kai malamin tsawo, idan ya ruga saboda Hanako, mai kallo ba ya jin tausayinsa.

Da tsoro ya tafi, dariya ma ta bi shi, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni takaici. A cikin littafin, Nube mutum ne marar ko sisi, mai rawar jiki a gaban malama Ritsuko, wanda ɗalibansa ke yi wa tsiya. Ana dariyarsa ne domin an san bayan shafi biyu zai sa ransa a bakin mutuwa saboda waɗannan yaran. Dariyar numfashi ce bayan firgita. Idan ba a firgita kowa ba, abin da ya rage sai babban mutum yana ƙyafta ido da faɗuwa a ƙasa.

Wani zai ce rashin kuɗi ne, domin talabijin ba ta da ƙarfin sinima. Amma Yusha Yoshihiko, da TV Tokyo ta nuna a 2011, da kwali da tsumma aka haɗa dodanninsa, kuma jama'a suka so shi, saboda ya san shi wasan raha ne tun daga tushe. Trick na TV Asahi a 2000 ya ba da dariya da tashin tsikar jiki a lokaci guda da ƙauyuka masu shiru da fuskokin tsofaffi kawai. Wani kuma zai ce aiki da ƙananan yara wuya gare shi, ga dokar da ta taƙaita musu aikin dare. Gaskiya ne, sai dai ita wannan tashar a wannan dare na Asabar ta yi Yokai Ningen Bem a 2011 da Suzuki Fuku, yaro ɗan shekara bakwai, a cikin manyan taurarinta uku, ya kuma karɓu.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce masoyan tsohon littafi ba sa gamsuwa da komai, kuma sabon aiki yana da ikon sauya abin da ya ga dama. Na yarda yana da wannan iko, matuƙar ya kawo madadin abin da ya cire. Da an gina tsoron da ya dace da samari, irin na kaɗaici ko cin zali a aji, da sauyin ya biya kuɗin sabulunsa. Sai aka bar aljanun yara, aka sauya yaran kawai, kuma ana iya gane dalili. Wasannin talabijin na Japan zango-zango ake yin su, wata uku, kashi goma ko sha ɗaya, kuma sau da yawa tauraro ake fara samu kafin a ɗinka masa labari. An sami Maruyama Ryuhei, na ƙungiyar mawaƙan da a lokacin ake kira Kanjani Eight, a matsayin Nube, aka kuma cika ajin da matasan da ake son tallata fuskokinsu. Da aka sake yin labarin a katun a 2025, an sabunta zamani, amma Nube ya koma aji biyar na firamaren Domori.