Masu Ƙirga Ƙafafun Shanshani

A tsibiran Fiji da ke tekun Fasifik akwai wani shanshanin ƙasa, siriri kamar zare, wanda ba a san shi a ko'ina ba sai can. Masanin dabbobi Ralph Chamberlin na Amurka ne ya bayyana shi a 1920, ya sa masa suna Gonibregmatus plurimipes. Ƙafa 191 gare shi a kowane gefe, ba kuma a taɓa samun shanshanin da ya fi shi ƙafafu ba. Kafin a kai ga wannan adadi, sai da wani ya zauna ya ƙirga.

Aikin daga daji yake farawa. Dangin wannan halitta ba su da ido, cikin damshin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye suke rayuwa. Mai nema yakan durƙusa, ya ɗaga dutse ko ruɓaɓɓen icce a hankali, ya duba, sannan ya mayar da shi yadda ya same shi. In ya ga motsi, da jiƙaƙƙen buroshi ko matsefata mai laushi yake ɗauka, don jikin ba ya jure matsi.

Waɗanda suka ɓuya kuwa, da dabara ake fito da su. Akan zuba ganyen da ƙasar a kan rariya, a ɗora bisa mazurari, a kunna ƙwan lantarki daga sama. Zafi na busar da saman, su kuma suna nutsawa neman damshi, har su faɗa kwalbar sifirit da ke ƙasa. Antonio Berlese ɗan Italiya ne ya ƙago dabarar a 1905, daga baya Albert Tullgren na Suwidin ya ƙara mata ƙwan.

Sai a koma gaban madubin ƙara girma. Masani yakan miƙar da jikin, ya bi shi gaɓa-gaɓa daga kai zuwa wutsiya. Ya san ƙafafun kowane gefe kullum mara ne, ba sa zama cika, don haka in lissafi ya ba shi 190, sai ya sake daga farko. Yakan duba ƙaifafan faratan dafi da ke ƙarƙashin kai, da 'yan ramukan da ke gindin ƙafafun ƙarshe, domin da irin waɗannan ake rarrabe jinsi da jinsi. Kwanan wata da wurin kamu duk sai an rubuta a 'yar takarda an jefa cikin kwalbar.

Mai kasala zai kalla ya ce tana ce, ya wuce. Masu haƙurin ƙirga ne suka nuna wa duniya cewa Fiji na da abin da in dajinsa ya salwanta, babu inda za a sake samo shi.