Daga Wuyan Hannu Zuwa Zuciya

Mai bugun zuciya, idonsa biyu ake yi masa aikin buɗe jijiyar zuciya. Allurar kashe zafi kawai ake yi masa a wuyan hannu, daidai inda ake taɓa bugun jini, sai likita ya zura siririn bututu cikin jijiya, ya bi da shi ta damtse, ya ratsa kafaɗa, har bakin jijiyar da ke shayar da zuciya.

A bugun zuciya, gudan jini ne ke toshe wannan jijiya, naman da take ciyarwa ya soma mutuwa. Naman da ya mutu kuwa ba ya tofowa, tabo yake zama. Shi ya sa ake so a buɗe ta cikin minti 90 da isowa asibiti.

To, a nan gwaninta take. Faɗin jijiyar bai wuce milimita 3 ko 4 ba, kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya, rawa take da kowane bugu. Likita bai ganin ta sai ya fesa rini ta bututun, ta bayyana a allon hoto kamar saiwar bishiya, reshe ɗaya ya yanke a tsakiya. Sai ya ɗauko waya wadda kaurinta bai kai rabin milimita ba, ya ɗan lanƙwasa bakinta, yana murzawa tsakanin babban yatsa da manuniya, can a ƙirji tana juyawa. Idan ta tokare, a yatsa yake ji.  Da wayar ta ratsa, sai a hura ɗan balan-balan a wurin, a bar ragar ƙarfe ta tallafe bangon, a sake fesa rini. Reshen da ya ɓace ya cika har ƙarshe.

Andreas Grüntzig, likita Bajamushe, shi ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a Zurich a 1977. Ragar ta biyo baya a 1986. A da, mako shida ake kwantar da mai bugun zuciya, ko motsin kirki babu. Yanzu, in abin ya zo da sauƙi, kwana biyu ko uku an sallame shi, da asfirin da wani maganin hana daskarewar jini na kusan shekara guda, a raba shi da taba, a ce ya riƙa tattaki yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. A wuyan hannunsa kuwa, ɗan ɗigo ne kamar cizon sauro.