Jones Nawa Ne a Ƙauyen? Nazari kan Binciken Asali a Wales

Duk wanda ya tashi bin sawun kakanninsa a Wales, yankin nan na yammacin Birtaniya, da suna zai fara cin karo. Jones, Davies, Williams da Evans sun cika ko'ina, alhali galibin masu amsa su ba su haɗa jini ba.

Tushen rikicin yana cikin tsohuwar al'adar mutanen Wales. A da, mutum ba shi da sunan zuriya tsayayye. Sunansa ne, sai na mahaifinsa, a sa "ap" ko "ab" a tsakani, wato ɗan wane, mace kuma a sa "ferch". Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Bayan dokokin 1536 da 1543 da suka haɗe Wales da Ingila, masu hannu da shuni suka rungumi tsarin Ingila na sunan zuriya tsayayye, mutanen karkara kuwa wasunsu suka riƙe na gado har cikin ƙarni na 19. Ap Hywel ya koma Powell, ab Owen ya koma Bowen, ɗan John ya zama Jones. Shi ya sa za ka ga uba da ɗansa a rajista ɗaya, kowa da nasa sunan.

Amma mutane ne masu riƙon asali, kuma ba don alfahari kaɗai ba. A dokokin da ake dangantawa da Sarki Hywel Dda na ƙarni na 10, dangi ne ke haɗa diyyar kisa, su ne kuma ke karɓa, gona ma tsakanin 'ya'ya maza ake raba ta. Wanda bai san kakanninsa ba, bai san haƙƙinsa ba. Wani marubuci, Gerald na Wales, ya rubuta a wajejen 1194 cewa ko talaka yakan jero kakanninsa shida ko bakwai da ka.

Takardu fa? An umarci coci-coci su fara rajista a 1538, sai dai kaɗan ne na farkon suka tsira. Daga baya jama'a da yawa suka bar cocin gwamnati suka koma ƙananan majami'u masu zaman kansu, waɗanda littattafansu suka warwatse. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati sai 1837, ƙidayar da ta fara kawo sunan kowa kuma 1841. Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Aberystwyth yana ajiye da wasiyyoyin kafin 1858 da taswirorin gonaki. Nan nake ganin mafita take, domin sunan gona ya fi sunan mutum amana: shi ke bambanta wannan John Jones da maƙwabcinsa.

Abin da ke damuna shi ne gaggawa. Wani masanin salsala, Peter Bartrum, ya tattara salsalar manyan gidaje har zuwa wajejen 1500. Tsakanin nan da rajistar da ta tsira akwai giɓi babba, kuma a nan ne masu bincike da yawa, musamman jikokin waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka, suke tsallake su liƙa kansu da gidan sarauta don kawai suna ya zo ɗaya.