Masu Korar Toni Morrison Daga Makarantun Amurka

A watan Janairun 2022 hukumar makarantun Wentzville, a jihar Missouri, ta kwashe littafin The Bluest Eye na Toni Morrison daga ɗakunan karatunta. Sai da ɗalibai suka kai ƙara kotu sannan ta mayar da shi. Wannan ɗabi'a ta kwashe littattafai ta zama yayi a Amurka, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya. A 2021 har tallan neman kujerar gwamnan Virginia aka yi da wata uwa da ta daɗe tana yaƙi da koyar da Beloved, wani littafin na Morrison.

Iyayen da ke adawa da littattafan suna da abin faɗa. A cikin The Bluest Eye uba ne ke yi wa 'yarsa Pecola fyaɗe, kuma ba zan miƙa wa ɗan firamare shi ba. Amma saurayi ko budurwa da ke shirin gama sakandare fa? Wa ake karewa idan aka ɓoye musu labarin yarinya baƙa mai shekara 11 da aka raina halittarta har ta koma roƙon Allah ya ba ta shuɗin ido?

Morrison ba don neman suna ta taɓo waɗannan abubuwa ba. An haife ta a Lorain, jihar Ohio, a 1931, kuma tana da shekara 39 The Bluest Eye, littafinta na farko, ya fito, a 1970. Da asuba take rubutu kafin 'ya'yanta biyu su farka, sannan ta tafi aikin edita a kamfanin Random House, inda littattafan Angela Davis da Muhammad Ali suka bi ta hannunta. A can ne ta ci karo da labarin Margaret Garner, baiwar da ta gudu daga Kentucky a 1856, ta yanka 'yarta da hannunta don kada a mayar da ita bauta. Daga nan Beloved ya samo tushe. Abin da ya fi tayar da hankali a littafin ya faru da gaske, a ƙasar da yaran nan za su gada.

Ita ce baƙar mace ta farko da ta samu kyautar Nobel ta adabi, a 1993, amma ba lambar yabo ce hujjata ba. Malamin da ya san ɗalibansa ya fi ɗan siyasa sanin ranar da za su iya ɗaukar wannan karatu. A bar masa hukuncin, uban da bai yarda ba ya nema wa ɗansa wani littafin, ba ya hana 'ya'yan kowa ba.