Tsoho a Bakin Murhu

A watan Mayu 1890, Vincent van Gogh, mai zane ɗan ƙasar Holanda, yana kwance a asibitin masu ciwon hankali na Saint-Rémy a kudancin Faransa. Shekara guda ke nan yana wurin, ba ya samun mutanen da za su zauna ya zana su. Sai ya koma kan wani hoto da ya yi tun 1882 a birnin La Haye, na wani tsoho daga gidan gajiyayyu, ya sāke shi da fenti. Ana kiran zanen "A Ƙofar Dawwama".

Abin da ke ciki kaɗan ne. Tsoho mai sanƙo yana zaune bisa kujerar katako, rigarsa da wandonsa shuɗɗa, takalmansa sun tsufa. Ya dogara gwiwar hannu bisa gwiwar ƙafa, ya dunƙule hannuwa ya rufe idanu. A gefe wuta tana ci a murhu, amma bai juya wajenta ba.

Ƙarfin zanen yana cikin fuskar da aka ɓoye. Da an nuna hawaye, da mai kallo ya ji tausayi ya wuce. Da yake babu fuska, dole ya karanta baƙin cikin a lanƙwasar baya da nauyin kafaɗu. Wutar kuwa tana nuna irin kaɗaicin: ɗumi yana kusa, mutumin ya kāsa karɓarsa.

Waɗansu sukan ce zanen alamar hauka ce kawai, domin mai zanen ya mutu ran 29 ga Yuli 1890, yana da shekara 37. Wannan karatu ya rage wa aikin daraja. Layukan a tsare suke, launukan a auna suke. Hannun da ya yi su ya san abin da yake yi. Kada kuma a manta cewa Van Gogh ɗan fasto ne, ya yi aikin bishara tsakanin masu haƙar kwal a Borinage ta Beljik a 1879. A wasiƙarsa ga ƙanensa Theo a 1882, ya ɗauki zaman wannan tsoho shaida ce cewa akwai Allah da rai madawwami.

Duk da haka zanen bai yi gaggawar ta'azantarwa ba. Ya bar tsohon a zaune, ya bar mai kallo da tambaya: wa zai jawo kujera ya zauna kusa da shi? Zanen yana gidan ajiye zane na Kröller-Müller a Holanda.